Surukina Mai Maɗaurin Raga

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar da muka kai Baba, mahaifin maiɗakina, makwancinsa a Ƙaura, ban iya shaida fuskar kowa ba. Sai a rana ta biyu ta zaman makoki na fara lura da masu zuwa, da kuma irin kallon da ake yi musu.

An shimfiɗa tabarmi daga ƙofar gida har gindin dalbejiyar maƙwabta. Wanda ya zo ya durƙusa, ya yi gaisuwa, a shafa fatiha, ya ja gefe. Da hantsi wata mota ta sauke mutum biyar daga Zurmi, matasa majiya ƙarfi. Suna cikin cire takalma na ji wani dattijo a bayana ya rage murya.

"Waɗanga hwa? Ba 'yan tasha na ba?"

"Su na," in ji na kusa da shi. "To, kowa da jama'atai."

Rana ta uku kuma wani tsoho ya iso daga Binuwai, ya kwana biyu a hanya. Kafinta ne, Kirista, wanda suka yi aiki tare da Baba shekaru masu yawa kafin ya koma ƙasarsu. Ya cire hularsa ya zauna a bakin tabarma, ya buɗe baki zai yi gaisuwa, sai kuka ya ƙwace masa. Wasu suka tausaya. Wasu kuma na ga suna haɗa ido, kafin la'asar har magana ta zaga cewa kayan aikinsa ya biyo.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne addu'ar wani malami daga wata unguwa. Ya ce, "Allah shi gafarta mai. Mutum na mai salla, mai zumunci. Sai dai..." Ya shafa fuska, bai ƙarasa ba. Wannan "sai dai" ɗin ita ta sa na ɗauki biro. Ni surukinsa ne, mijin 'yarsa ta fari, malamin firamare, mutumin Shinkafi da aka mayar da aikinsa Ƙaura bayan aure. A cikin shekarun da na yi tare da shi akwai huɗu da bai amsa sallamata da fuska a sake ba. Saboda haka in na ce wani abu na alheri a kansa, ba son kai ne ya sa ba.

Baba bai yarda da komai ba sai ya taɓa. In ya kulle shago sai ya yi tafiya kaɗan ya dawo ya ja kwaɗon. In an kawo masa irin gero za shi shuka a gonarsa ta hanyar Banga, sai ya jiƙa ƙwaya ashirin a tsumma ya jira ya ga nawa suka tsira, ko da daga rumbun ƙaninsa irin ya fito. In an ce masa an ga wata, tambayarsa ta farko, "Wa yag gani?" Yana da wata magana da duk gidan suka haddace: "Abin da ba ka ja ba, kak ka ce ya ɗauru."

Ni ma sai da ya ja ni. Lokacin da iyayena suka zo neman aure, ya ce a ba shi wata guda. Bai aiki kowa bincike ba. Da kansa ya hau mota ranar Alhamis ya je kasuwar Shinkafi, ya zauna a rumfar mai shayi kusa da unguwarmu kamar baƙon da ya zo sayen rago, yana jan mutane da hira. Daga nan ya zo makarantar da nake koyarwa, ya zauna a inuwa bayan tagar ajina tun daga shiga har tara ta yi. Ban san shi ba ne. Sai bayan ɗaurin aure ya ce da ni, "Malam, ba ka dukan ɗiyan mutane, na gani. Amma kana hushi kana ɓoyewa. Wanga shi ni ka tsoro." Ban amsa ba, don tsakanin mutum da surukinsa akwai kunya. Kuma gaskiya ya faɗa.

Aikin reluwe ya yi tun yana saurayi, fita ne, wato mai ɗaura ƙarafan jirgi da gyara su, a tashar Ƙaura, inda layin dogo ya ƙare. Ya kan ce a can ya koyi rashin yarda, don noti guda da aka ce "ai ya ɗauru" ya isa ya kifar da tarago. Da jirgi ya fara ɗaukewa, yau ya zo, sai an yi makonni ba a ji kukansa ba, Baba ya ajiye aiki ya buɗe ɗan shago a zauren gidansa. Yana gyaran kwaɗo, injin markaɗe, famfon feshi, duk abin da ke da zare da noti.

A ɗakin hutawar ma'aikatan tasha akwai wani tsohon tebur na wasa tun na mutanen da. Ana jera 'yan katakai tara a ƙarshensa, kowane kamar ƙaramar taɓarya, mutum ya tsaya a ɗaya ƙarshen ya gangaro ƙwallon katako, a ga nawa zai kayar. Mu a nan wasan taɓare muke ce masa. A kusurwoyin tebur akwai sanduna huɗu, an kewaye gefe uku da raga don kada taɓaren su yi tsalle su fita. Kafinta ne ya fara kwaikwayon teburin a shagonsa da ke Sabon Gari. Katakonsa ba laifi, amma raga ta gagare shi. In ya buga ta da ƙusa, sati biyu ta yage a bakin ƙusar. In ya ɗaure da waya, ta saki ta yi tumbi, ko wayar ta yanki hannun yara. Rannan wata taɓarya ta tsallake ta fasa wa wata mai tallan fura ƙwarya, sai ya ɗauko sanda guda da guntun raga ya zo wurin Baba.

Wata uku Baba ya yi a kan abin. Na ga uku daga cikin waɗanda ya ƙera ya watsar. Na farko zobe ne mai ƙugiya, ƙugiyar tana cin zare. Na biyu faranti biyu ne masu matse raga, amma suna zamewa ƙasa in sanda ta bushe ta rame da rani. Na uku ya riƙe, sai dai ba ya ciruwa sai an karya. Wanda ya tsaya a kansa daga ƙarshe zobe ne na ƙarfe tsagagge, mai rungumar sanda, an shimfiɗa masa robar tib ɗin keke a ciki don kada ya zame. A jikinsa akwai ɗan harshe mai lanƙwasa, shi ke danne igiyar da aka zura a bakin raga, ba zaren ragar kansa ba. Noti guda mai kunnuwa biyu ke matse duka, yaro ma zai iya murɗawa da yatsa. Kowace sanda biyu, sama da ƙasa. Maɗauri yake ce masa kawai. In ya gama guda, sai ya ɗaura shi a turken akuya, ya rataya bokiti cike da yashi a jikin igiyar, ya bar shi kwana uku. Wanda ya motsa ko da faɗin farce ne, ya koma wuta.

Ragar kuma Inna ce ke saƙawa, matarsa, don 'yar masunta ce daga bakin gulbi. Haka aikin ya zama na mutum uku: katako na Kafinta, ƙarfe na Baba, raga ta Inna.

Bai taɓa bari wani maƙeri ya ga maɗaurin a kwance ba. Zoben a Ƙaura ake lanƙwasa masa, harshen ya kai wa wani maƙeri a Shinkafi ya ce na tarkon gafiya ne, haɗawa kuma a cikin gida, bayan ɗakin Inna. Na taɓa ce masa, "Baba, ai duk wanda ya sayi tebur zai iya kwancewa ya duba." Ya dube ni ya ce, "Kai mi yas sa ka yi wanga tunani?"

Da aka ba mu jiha, Ƙaura ta motsa. Ma'aikata suka dawo daga Sakkwato, aka yi ta buɗe ofisoshi da ƙungiyoyin matasa. Teburin ya shiga makarantu, ya shiga gidajen masu hali, har makarantar Gurbin Bore sai da aka kai guda a bayan akori-kura. Wani mai shayi ya sa guda a tashar motar Zurmi don ya ja jama'a.

Sai Shari'a ta zo. Ina so a san wannan: Baba ya yi murna da ita. Ranar da aka yi taron ƙaddamar da ita a Gusau da asuba ya hau babbar mota, ya dawo da la'asar murya a dishe. Ya ga yadda giya ta cinye abokan aikinsa biyu, ya ce da ma tun suna da rai aka yi. Amma kwanakin da suka biyo baya kwanaki ne na kallon-kallo. An rufe mashaya, an hana caca, kowa yana duba na kusa da shi. Mutum zai ga maƙwabcinsa na magana da 'yan agaji, sai ya fara lissafin abin da ya taɓa faɗa a gabansa. A Sabon Gari wasu suka fara ɗaure kaya.

Wata Juma'a bayan an sauko, muna tsakar gida mun zo gaisuwa. Akwai ni, da maiɗakina, da Inna, da ƙaninsa da muke kira Baba Ƙarami. Baba ya ce ya gama maɗaurai takwas, Alhamis zai kai su tashar Shinkafi, wani ya sayi tebur. Inna ta ce daga bakin murhu, "Malam, Gwaggon yara ta aiko daga Zurmi. Ta ce tebur ɗin can kuɗi a ka zuba mai." Gwaggo ƙanwarsa ce, a Zurmi take aure. Baba ya ce, "Ita tag gani da idonta, ko hiɗi anka yi mata?" Baba Ƙarami, wanda a lokacin ya fara zama wurin masu wa'azi, ya ce ko ba kuɗi wasan ɓata lokaci ne. Baba ya ce masa ya je ya fara cire ciyawar gonarsa. Maganar ta mutu a nan.

Ranar Talata aka aiko daga zauren mai unguwa. Ni na raka shi, don a makaranta saƙon ya ishe ni cewa ana neman surukina. Dattawa shida ne da liman. Liman ya ce an jefo takarda ta ƙarƙashin ƙofar masallaci, ba suna. Ya sa aka karanta. Takardar ta ce ana caca da teburin Baba a tashar Zurmi, kuma ranar Alhamis zai kai maɗaurai takwas tashar Shinkafi, a taimaka a kira shi a yi masa magana kafin abin ya wuce hannun dattawa.

Baba ya saurara har aka gama. Ya miƙa hannu. Aka ba shi takardar, ya daɗe yana kallo, ya ninke ta ya sa cikin hula. Daga inda nake zaune abin da na hango kawai shi ne fallen littafin makaranta ne, kuma da jan biro aka rubuta. Sannan ya ce a ba shi izini. Ya fita ya dawo da masu ɗauke da tebur, ya kafa sanduna, ya ɗaura raga, ya jera taɓare a tsakiyar zauren. Ya miƙa wa liman ƙwallo.

"Allah gafarta Malam, a gwada."

Liman ya yi murmushi ya gangara, ya kayar da huɗu.

"To ina haramun ɗin ya shiga?" in ji Baba.

Liman ya ce, "Nan bai shiga ba. Wuƙar da ta yanka ragon layya ita ka yanka mutum. Ba mu tuhumar tebur. Amma in kai ka san inda a ka zuba mai kuɗi kak kai wani, ka sa hannu. Tahi ka gani da idonka, tunda kai sai ka gani."

Washegari ya je Zurmi, ya zauna a bencin mai shayi da rawani ya rufe rabin fuska. Bai kai awa guda ba ya ga abin da Gwaggo ta faɗa. Samari ne 'yan kamasho da masu lodi, kowa ya ajiye nasa ƙarƙashin kofi kafin a gangara ƙwallo. Ya tashi, bai yi wa kowa faɗa ba, ya bi sandunan ɗaya bayan ɗaya yana murɗe noti. Raga ta zube. Ya zuba maɗauransa takwas a aljihu. Mai shayi ya taso yana cewa ai ya saya. Baba ya ce, "Katako ka saya, ga shi nan. Ƙarhen ga sunana ad a kai, ba ni barin shi nan." Daga baya ya aika masa da abin da ya biya. Ɗaya daga samarin ya biyo shi har bakin mota yana zagi. Baba ya juyo ya tambaye shi sana'arsa, ya ce ba ya da ita. Ya ce, "In ka gaji da zagi, ka ishe ni Ƙaura." Ya kuwa zo, ya jawo wasu huɗu. Su ne mutum biyar ɗin da aka yi wa kallon 'yan tasha ranar makoki. Uku daga cikinsu yanzu walda suke yi a Zurmi.

Bai kai na Shinkafi ba. Ya kuma sake fasalin maɗaurin: ya cire notin mai kunnuwa, ya sa wani mai kai kusurwa uku wanda babu sifanar da ke kama shi sai wadda ya ƙera da kansa, guda ɗaya, tana rataye a wuyansa. Daga ranar ba ya sayar da maɗauri. Makaranta ko gidan da ya yarda da su zai je ya ɗaura da hannunsa, in raga ta yage a kira shi. Aikin ya ragu ƙwarai, bai damu ba.

Abin da ya dame shi takardar ce. Mutum huɗu ne suka ji maganar Alhamis da takwas. Biyu mata ne, bai sa su a lissafi ba. Ƙaninsa kuwa ko sunansa da ƙyar yake rubutawa da boko. Saura ni, mai jan biro a aljihu, mutumin Shinkafi.

Bai tuhume ni da baki ba. Ranar Juma'a na zo gaisuwa, ya miƙo mini takarda da jan biro sabo, ya ce in rubuta masa wasiƙa zuwa ga Gwaggo. Baba yana rubutu sarai, bai taɓa neman a rubuta masa ba. Na gane rubutuna yake son gwadawa da na takardar, amma na rubuta. Ya shiga ɗaki da ita, ya jima, ya fito.

"Baba, ta yi daidai?" na ce.

"Ba ta yi ba. Amma malami hannu biyu gare shi."

Nan ne kaɗai a rayuwata na ɗaga masa murya. Na ce in yana da Alƙur'ani a kusa a kawo in dafa. Ya ce shi bai ce komai ba, mi ya kawo rantsuwa. Na ce to ya nuna mini takardar. Ya ce takarda tasa ce. Inna ta fito tana ba da haƙuri, maiɗakina ta shige ɗaki da goyo tana kuka. Na ɗauki takalmana na fita ba sallama.

Daga nan abubuwa suka canza a hankali. Tuwon da ake aikawa daga gidana ranar Juma'a ya riƙa dawowa ba a taɓa ba. In na shigo yana aiki sai ya jawo buhu ya rufe. In na gaishe shi ya amsa, amma idonsa na kan magagari. Da aka haifa mini ɗa namiji na sa masa sunansa, ya zo suna ya yi addu'a ya tafi kafin a raba goro. A unguwa magana ta fita, har wani abokin aikina ya ce mini cikin raha, "A yi hattara da Malam, biro nai ja na." Na yi dariya a wurin, na dawo gida na kasa cin abinci. Sau biyu na nemi canjin wurin aiki zuwa Shinkafi, sau biyu na janye saboda maiɗakina.

Ni ma ban tsira daga cutar ba. Na ɗora wa Baba Ƙarami. Na ce a raina ai zai iya sa wani cikin abokan wa'azinsa ya rubuta. Na daina zuwa gidansa, in mun haɗu a masallaci in miƙa masa yatsu.

A cikin wannan yanayi Kafinta ya yanke shawarar komawa gida. Ba wanda ya taɓa shi, amma iyalinsa sun tsorata, 'yan'uwa kuma na ta aiko masa. Baba, wanda bai yarda da kowa ba, ya je Sabon Gari da rana tsaka kowa na gani, ya taya shi ɗaure kaya, ya raka shi tasha ya tsaya har mota ta tashi. Kayan aikin da suka yi nauyi ya kwaso su ya ajiye a zaurensa. Duk bayan damina sai ya fito da su ya goge tsatsa ya shafa mai. Wani ya taɓa ce masa ya sayar tunda mai su ba zai dawo ba. Ya ce, "Ya ce maka?" Da Kafinta ya zo makoki aka buɗe masa akwatin, ya shafa zarto ya ce a bar wa mutanen nan biyar na Zurmi, shi hannunsa ya daina riƙo.

Ciwon Baba ya fara ne bayan girbin dawa. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere. Wata Asabar da hantsi ya aiko a kira ni, ni kaɗai. Na ishe shi a jingine a zaure, ya sa an fitar da kowa.

"Malam, matso."

Na matsa.

"Takardan nan, ba hannunka na ba."

"Na sani, Baba."

"Ni ma na sani. Tun damanar farko."

Na ɗago na dube shi, abin da ban saba ba.

Ya ce, "Ɗiyata, matakka, ta rubuta mini yadda za ni sha magani, lokacin da niy yi zazzaɓi. Ƙugiyar harafin ƙa tata baya ta ka kallo, tun tana aji ukku. Nid ɗauko waccan nig gwada. Ita ta. Kuma ba ta yin haka ita ɗai, sai uwatta ta sa ta."

Na ce, "Baba, shekara huɗu."

"Huɗu," ya ce. Ya huta, ya ja numfashi. "In nis sake ka, sai in kama wani. Wanin kuwa cikin ɗakina shi ke, shi ka ba ni ruwa. Ban san yadda za ni dube su ba, ban san yadda za ni ce sun fi ni gaskiya ba. Sai nib bar shi bisa kanka, don na ga kana iya ɗauka. Zalunci na. Ka yahe mini."

Na ce na yafe, don ba a barin mai irin wannan numfashi yana jira. Amma ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba: bakina ne ya yafe a ranar, zuciyata sai da ta ɗauki kwanaki. Na dawo gida na ishe maiɗakina tana tankaɗe. Ta dubi fuskata, ta ajiye rariya.

"Ya gaya maka," ta ce.

"Ke mi ya hana ki gaya mini?"

"Inna ta ɗaure ni da alkawari. Kullum sai in ce gobe. Ranar da tuwo ya fara dawowa na so in faɗa, sai na ji tsoron in na faɗa ko dai auren Inna, ko nawa."

Na fita na je gidan Baba Ƙarami na nemi gafararsa, na gaya masa shi na riƙa zargi. Ya ce, "Ni ko dut shekarun ga kai ni ka tuhuma." Muka zauna a dakalinsa kamar mutum biyu da aka yi wa sata rana guda.

Kwana goma sha ɗaya Baba ya ƙara. Ina zuwa kullum bayan an tashi makaranta, ni ke juya shi, ni ke kai shi bayi. Ranar ƙarshe da ya iya magana sosai ya sa aka ɗauko wani maɗauri, ya nuna mini inda harshen ke fara tsagewa in an matse fiye da ƙima. Shi ne karo na farko da ya bar ni na riƙe guda a kwance.

Kafin in rubuta wannan na shiga wurin Inna, tana takaba. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaya mata abin da nake son yi, na ce in ba ta yarda ba zan bar maganar takarda.

Ta ce, "Rubuta. Ka ce ni nis sa. Na hiɗa mai bai ji ba. Da in ga an kwantar da shi don bulala bainar jama'a da hurhuratai, gara shi yi hushi da wanda za shi yi." Ta ja carbi. "Sai dai ban zaci kai za shi kama ba. Wanga nawa na, ka yahe."

Na tambaye ta ko sun taɓa yin maganar da shi.

"Ko sau guda. Shina sane, ina sane shina sane. In nik kawo mai ruwa sai shi ce, Allah shi yi miki albarka. Da can bai cika hiɗin haka ba."

Ya Allah, ga bawanKa ya zo. Ya yi zato, an yi zato a kansa, mu ma mun yi. Kai ne ba Ka buƙatar zato, don Ka san abin da ke cikin ƙirji. Ka yi masa hukunci da rahamarKa, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba Inna haƙuri. Ni dai hakkina da ke kansa na sauke, wannan karon har zuci.